Disfensan da Ke Duba Ƙafar Masu Tari

Kowace safiya, kafin ya buɗe kwalbar magani, Norbert Aondona, disfensan wani ɗakin shan magani a Lafiya, sai ya zaro gashin kaza daga aljihu. Masu tarin fuka na jere a benci, shi kuma yana bi yana shafa musu tafin ƙafa. "Ka ji? Nan fa?" Mutanen gari sun sha yi masa dariya, wai ciwo na ƙirji, shi yana can wajen ƙafa.

Yana da dalilinsa. Tun da sabuwar ƙwayar maganin tarin ta iso ya lura: mutum biyu su sha daidai wa daida, ɗaya ya warke sumul, ɗaya ƙafarsa ta ɗauki zafi kamar ya taka garwashi, daga baya ta daina ji. Irin waɗannan sai su watsar da magani, tari ya ƙarasa su a gida. Abin kuma gida-gida yake bi.

Haka yayar Falmata, wata mutuniyar garin Ashige, ta rasu. Ran da gashin ya taɓa ƙafar Falmata ita ma ba ta ji ba, ta dubi goyonta ta ce, "Na daina sha, Disfensa. Gara tari da gurguncewa."

"Mama, ba ni kwana bakwai," in ji shi. "Kar ki bar magani tukuna."

Ya hau keke ya tari likita mai zagaye, ya zayyana masa gidajen ɗaya bayan ɗaya. Likita ya jinjina kai. Ya ce hanta ce ke liƙa wa maganin wani ɗan sinadari don jiki ya fitar da shi. Ta wasu na da hanzari, ta wasu na da nawa, sai magani ya taru ya ci jijiya, kuma gado ne. Likitan ya rage wa Falmata awon magani, ya haɗa mata da bitamin.

Kai ne, Aondona, ka durƙusa gaban ƙafafun da mu muka ƙyamata, har ka ga abin da ba mu gani ba. Mun yi maka dariya, yau kunya muke ji. Mun gode, Allah ya saka. Masu shigowa aikin, ku koyi durƙuson nan.

Bana, 1959, ya ajiye aiki. Ran sallamarsa Falmata ta tako da ƙafarta tun daga Ashige, riƙe da kaza. Ta miƙa masa ta ce, "Naman naka ne. Gashin kuwa, ka bar wa wanda zai gaje ka."