Tartsatsi da Maganar Hannu

Ɗan gwaggona mai walda ne, Tartsatsi muke ce masa. Taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne. Shi dai ba yatsu gare shi ba, guntayen rodi ne. In kuka gaisa, sai ka koma gefe ka duba ko naka sun cika. Makaranta kuwa tare muka shiga, tare muka gudu, sai dai na fi shi, don ni na kai ajin da ake rubutu da biro.

'Yarsa ɗaya ce, mai sunan gwaggo, shi ya sa yake kiranta Mamana. Tana fara haɗa magana wani zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita. Da ta tashi, ji ya tafi. Ɗan abin da ta iya faɗa ma ya zube a hankali. Tartsatsi zai yi ta kira, "Mamana! Mamana!" har maƙwabta su leƙo, ita tana can tana wasa da murfin kwalba.

Mai shagon caji na bakin layinsu ne ya ce masa ai akwai bidiyon koyon maganar hannu. Ya cika masa waya da su: wata mata mai tabarau tana motsa yatsu, hoton abin da take nufi a gefenta. Tun daga ranar, da an ɗauke wuta injin ya yi shiru, sai Tartsatsi ya jingina wayar jikin ƙyauren da bai gama ba, ya goge hannu a wando, ya hau kwaikwayo.

Na ce, "Taubashi, sauro kake kora ko aljanu kake kira?"

"Wuce, marar aikin yi. Wannan ruwa ne."

"Ruwa? Wallahi na ɗauka mota kake tsayarwa."

Mai facin taya na kusa da shi ya yi dariya har ya zauna cikin bahon ruwansa. Tartsatsi ko a jikinsa. Abin da ya koya da rana, da shi yake komawa gida ya koya wa yarinyar a bakin ƙofa. Ranar da ta fara ce masa baba da hannu, ya dawo shago ya zauna da baƙin gilashin walda a fuska, alhali babu wuta a unguwar gaba ɗaya.

Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsa da 'yarsa, har da gulma. Ni ma sun yi mini suna: a buɗe tafin hannu a gaban baki, a yi ta wangale shi.

Da ta isa shiga aji, na raka su makarantar kurame ta kwana. Tartsatsi ya sha wanka, ya tsaya gaban malama ya zuba mata gaisuwa da hannu, doguwa, kamar mai ba jirgin sama hanya. Da ya gama, malama ta jefo masa tambaya.

"Baban yarinya, a ina ka koyi wannan?"

"A waya, malama."

"Ai wannan ta wata ƙasa ce can nesa. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Tamu daban take."

"Malama, hannu ai hannu ne."

"Kada ka damu, yara ba sa daɗewa suke ɗauka."

Gaskiya ta faɗa. Tartsatsi ya koma wurin mai caji, suka birkice waya sama da ƙasa suna neman irin ta makarantar. Abin da suka samu bai wuce gaisuwa da baƙaƙen rubutu ba, shi kuwa sunansa ma sai ya yi gumi yake rubutawa.

Hutun farko ta dawo hannuwanta na gudu, ido ba ya bin su. Ya tambaye ta lafiya irin yadda suka saba, ta kama yatsunsa tana lanƙwasawa tana gyara masa. Ya gwada, ya ɓata, ta sake, ta gaji. A lokacin tana tuna tsohuwar maganar hannunsu kaɗan-kaɗan. Hutu na zuwa yana wucewa, wannan kaɗan ɗin ma ta ƙare. Makonnin hutu ba sa isarsa ya kama sabuwar, in ta koma kuma babu mai koya masa. Yanzu in ya ɗaga hannu sai ta yi murmushi ta gyaɗa kai, irin wanda ake yi wa baƙon da ba a jin yarensa.

Kwanan baya ƙawarta ta makaranta ta kawo mata ziyara. Suka zauna a tsakar gida kan tabarma, hannuwa na ta kai da kawowa. 'Yar Tartsatsi ta yi dariya har ta kwanta tana dukan ƙasa. Muna zaune a inuwa ni da shi, ya taɓo ni.

"Taubashi, me kake jin ya ba ta dariya haka?"



"Ban sani ba," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya jawo kujerarsa ya matsa kusa da tabarmar.