Na Ce In Yana Sona Ya Zo, Alhali An Rufe Hanya

Lokacin da abin nan ya faru ina budurwa a Shinkafi, ba ni da abin yi sai karanta littattafan soyayya da nake haya a bakin kasuwa. A cikinsu masoyi ba ya tsoron ruwa ko wuta, kuma duk saurayin da ya kawo uzuri, to akwai wata a gefe. Da wannan idon na fara ganin wani saurayi wata ranar kasuwa, yana sauke buhunan gero a ƙofar shagon babanmu, yana dariya kamar ba kaya a kansa. Mutumin Ƙauran Namoda ne. Muka shaƙu, har manya suka shiga maganar.

Wata Juma'a cikin damina ya yi alkawarin zuwa. Da hantsi ya kira ni ya ce an rufe hanya. Ya ce direbobinsu ba sa tayar da mota sai sun ga wata ta iso daga wajenmu, to yau ko keke bai iso ba, shi ya sa aka gitta itace a bakin gari, jami'an tsaro suka ce kowa ya dakata. Ni kuwa kunnena yana kan muryar wata mace da ke dariya a bayansa. Ya rantse mai fura ce a tasha. Na ce to ya zauna ya sha, Allah ya sa ta dama masa da kyau. Inna ta jiyo ni daga madafa, ta ce in ji tsoron Allah, ba a rufe hanya don nishaɗi. Na shige ɗaki na sake kiransa. Na tuna masa wancan makon ma ciwon kai ya ce, kuma in da gaske yake sona, ai hanya ba ɗaya ba ce.

Sai ya ce in ajiye masa abinci. Ya ari babur ya ratsa ta gonaki, inda dawa ta fi mutum tsayi. Nan ya faɗa hannun 'yan bindigar da aka rufe hanyar saboda su. Suka ƙwace babur ɗin, da ya ruga suka harbe shi a ƙafa. Manoma ne suka tsince shi. A lokacin ina zaune cikin kwalliya, ina shirya baƙar maganar da zan tarbe shi da ita.

'Yan uwana, in an ce an rufe hanya, wani abu aka gani wanda ke ba kya gani daga ɗakinki. Kada ki gwada soyayyar mutum da ransa, kuma kai ma kada ka ratse don wani ya matsa maka.

Bai taɓa faɗa wa danginsa abin da ya fitar da shi ba, sai dai maganar aurenmu ta mutu a gadon asibiti. Yanzu yana kasuwar Ƙaura yana awon gero a zaune, sanda jingine a gefensa. An ce 'ya'yansa har sun shiga makaranta.