Taurarin Kakata na Kudu

A gidanmu na cikin ganuwar Sakkwato, inda mahaifina yake jimar fata, lokacin sanyi shi ne lokacin tatsuniya. Da an idar da sallar lisha sai kakarmu Inna Dudu ta jawo tabarma kusa da wuta, mu kewaye ta. Kullum kudu take fuskanta. Mun san an kawo ta garin nan tana yarinya, an saye ta, daga baya kakanmu ya 'yanta ta. Ba ta taɓa yi mana zancen ba.

Can ƙasa-ƙasa, dab da bakin katanga, akwai wasu taurari marasa haske, sai ka ƙura ido kake ganinsu. Biyu ne kawai suka ɗan fi sauran.

"Ku bar kallon manya," in ji ta. "Ku dubi waɗanga, ga labarinsu ya taho."

Wai ranar da za a raba wa taurari haske, aka ce kowa ya hallara a tsakiyar sama. Wata tauraruwa ta taso daga kudu da ƙannenta, sai suka tarar da kogi ya cika. Ita ta iya ruwa, su ba su iya ba. Masu wucewa suka ce ta bar su ta yi sauri. Ta ƙi. Ta riƙa goya su tana ƙetarawa, ƙanenta mai bi mata yana karɓa a gaɓa. Kafin su gama an watse, sai ɗan abin da ya rage a gindin ƙwarya. Ta lakata, ta shafa wa kowa, ita da ƙanenta suka raba abin da ya maƙale a yatsa.

Yayata Hajo ta ce, "Inna, ai an cuce ta."

Inna ta tura itace cikin wuta. "Wa yac cuce ta? Da ta tafi ita ɗai, da wa za ta zamna?"

Na girma, Inna ta rasu, na shiga fataucin jar fata zuwa ƙasar Nupe. A hanya na lura duk zangon da muka yada, taurarin nan sun ƙara ɗagowa. Da muka isa bakin Kwara sun rabu da ƙasa sosai, har na ga ƙananan da katangarmu take ɓoyewa, suna jere bayan yayarsu.

Nan na gane ba mu kaɗai Inna take ba labarin ba. Ita ma wani kogi ta ƙetare, amma ba wanda ya goya ta, kuma ba ta sake ganin nata ba. Sai ta ba tauraruwar cikin labarin abin da ita ba ta samu ba. Da ƙanena Buba ya kwanta zazzaɓi a wannan tafiya, madugu ya ce ayari ba ya jira, ban yi shawara da kowa ba. Na sauke kayan jakina, na zauna.