Hannuwan Audi Ƙafa-a-Sama

Duk wanda ya san tashar Kawo a shekarun da suka biyo bayan canjin kuɗi ya san Audi Ƙafa-a-Sama. Daga Tsafe ya zo Kaduna da niyyar dako, sai Datti mai maganin gargajiya ya gan shi wata rana yana tafiya da hannuwa don ya ba 'yan'uwansa leburori dariya. Nan take ya ɗauke shi.

Aikin Audi tara jama'a. Zai tuɓe riga, ya kafa tafukansa a ƙasa, ƙafafu su miƙe sama kamar tagwayen giginya, ya zagaya tabarmar magani, wani lokaci ya ɗage hannu guda ya gai da mutane. In taro ya yi kauri, sai Datti ya ɗaga kwalba ya ce ga abin da wannan bawan Allah yake sha, maganin ciwon gaɓɓai da sanyin ƙashi. Har hoton Audi a kife aka manna a jikin kwalaben.

Ciwon a hankali ya shigo, kamar baƙo mai kunya. Da farko zugi ne tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, wanda kan lafa in ya kwana. Daga baya kwanan ma ya daina kore shi. Wani ma'aikacin asibiti da suke haya gida ɗaya a Hayin Banki ya matsa wurin, ya ce jijiyoyin ne suka gaji, ba abin da suke roƙo sai hutu na wasu watanni. Da Audi ya kai wa Datti wannan magana, dariya ya yi, ya ce ai ƙarfi ne yake shiga, kuma wa zai sayi maganin ciwon gaɓɓai in aka ji mai tallarsa yana jiyyar hannu?

Sai Audi ya bi ta bayan gida ya je wurin wanzami a Unguwar Kanawa. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho a hannuwan biyu. Ya samu sauƙin kwana kaɗan, ya koma wasa, ciwo ya dawo, ya koma ƙaho. Shatin tsaga ya jeru masa har gwiwar hannu, ya shiga sa riga mai dogon hannu.

Matarsa Safara'u ta lura cewa kwanon tuwo ma da hannu biyu yake karɓa. Ta ce, "Baban Indo, hannun nan fa shi ne gonarmu. Ka bar shi ya huta." Ya ce bayan salla.

Ranar jajibirin sallar, tasha ta cika maƙil da matafiya. Datti ya ce lallai ya cire rigar, mutane damtse suke son gani. Audi ya cire, ya kife. Bai yi nisa ba wani kwandasta ya leƙa ya ce, "Malam Datti, maganin naka da ƙaho ake haɗa shi?" Taro ya kwashe da dariya. Ana cikin dariyar hannun dama ya saki, Audi ya zube da fuska a kan kwalabe.

Datti bai tambaye shi ciwo ba. Cewa ya yi ya tona masa asiri a gaban mutane, ya naɗe tabarma ya tafi.

Hutun da aka hana shi ya zo bayan ba ya da sauran amfani. Yanzu Audi gadi yake yi a gidan wani ma'aikacin gwamnati, da kafaɗa yake tura ƙofa. In zai yi sujada, dunƙule hannu yake yi, don tafin ba ya shimfiɗuwa. Safara'u ce take ɗaure masa mazagin wando kowace safiya, ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba.

Datti kuwa yana nan a Kawo, da lasifika yake tara jama'a. Bai canja takardar kwalba ba. In Audi ya bi ta wurin, yakan hango kansa a jere bisa tabarma, ƙafa a sama, yana murmushi.