A Wanke Mini Su Duka

Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin gona ne. Cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar kwamfuta baƙa, irin ta ɗorawa a cinya, wadda mu a Gazawa muke ce wa ordinater. Wani aikin raya karkara ne ya ba shi ita, aikin ya ƙare, ita ta zauna. Ya cika ta da hotunan gero, da tsutsar da ke cin zangarniya, da rumbunan mutanen Gangara. Mutum ne da zai ɗauki hoton fara sau goma bai tsaya an ɗauke shi sau ɗaya ba. Nasa hotunan ƴan kaɗan ne, duk na ranar sunan autarmu, yana riƙe da ita a gindin bishiyar dogon yaro. Bai ga wata daminar ba bayan sunan. Salularsa, wato wayarsa ta hannu, ta ɓace a hayaniyar asibiti, don haka fuskarsa ba ta rage a ko'ina ba sai cikin wannan baƙar aba.

Da yarinyar ta yi wayo sai ta fara cewa in nuna mata Baba. Ni kuwa ordinater ta zama mini tsohuwa mai ciwon gwiwa. In na kunna ta sai in je in ɗora tukunya, in dawo in tarar tana nan tana tunani. Daga baya ta soma wani ƙas-ƙas daga ciki, kamar ɓera a buhun gyaɗa, wata rana ta buɗe, wata rana ta ƙi. Wani abokin aikina a lakol, makarantar da nake koyarwa, ya saurara ya ce disk ɗin ne, wato ma'ajiyar da komai ke ciki, yana gab da mutuwa. Ya ce in sa sabon samfuri da ake kira SSD, wanda ba ya juyi ba ya ƙara, a kwashe kayan a zuba ciki tun da sauran numfashi. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Yayana yana fatauci zuwa Katsina, shi na roƙa. Ya kawo mini wani ɗan siririn abu kamar cingam. Na ɗauka na shiga taksin Agye, inda wani mai gyara yake da shago kusa da tasha, jikin shagon mai hoto. Mutum ne mai natsuwa, ba shi da yawan magana. Ya kwance bayan ordinater, ya dubi ramin, ya dubi cingam ɗina, ya yi murmushi.

"Madam, wanga na ƴan yayi ne. Taki tsohuwa ce, bakinta mai faɗi ne. Ko da guduma ba shi shiga."

Na koma. Yayana ya yi mita har ya gaji, ya ce shi a saninsa disk disk ne, amma ya canzo mini mai faɗin. Wannan ya shiga, sai dai bai kai tsohon kauri ba, yana ta rawa a ramin. Mai gyara ya yago kwalin shayi ya ninke ya tokare shi. Muka kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, da ɗan farin rubutu a sama wai ba ta ga disk ba. Ga shi a cikinta, da idona na ga an sa, amma wai ba ta gani ba. Ya shiga wani shuɗin allo da ban taɓa sanin akwai shi ba, ya canza wani abu, ta gan shi. Da ta gan shi kuma ta ƙi tashi da shi. Ya ce an tsara sabon ne da tsarin injinan zamani, tawa ba ta iya karanta shi, sai ya sake tsara shi irin na da. Da aka zo kwashe kaya, sai ga shi kayan tsohon sun fi ƙarfin cikin sabon, ana cikin zubawa aikin ya tsaya cak, ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru.

Haka na yi ta zarya tsakanin Gazawa da Agye har direbobi suka san ni. Kowace tafiya da sabuwar cuta. Na gaji, na tsani abin, na tsani ranar da aka ce mini in taɓa shi. A hanya nake kuka a ɓoye cikin mayafi, ina jin kamar jinyar maigidana ce aka sake dawo mini da ita. A nan ne na yanke shawara cewa ba ni da sauran amana da inji. Takarda nake so, hoton da zan riƙe a hannu in sa a bango.

Ina cikin aji mai gyara ya kira ni. Na fita bakin ƙofa, yara na ihu a bayana.

"Madam, albishirinki, sabon ya karɓa, ta tashi. Saura tsohon, kayanki duk suna can ba su kwasu ba. Mi za a yi da abin da ke ciki?"

Na tuna mai hoton da ke jikin shagonsa, na ce, "Hotunan nan na maigidana, a wanke mini su."

Ya ce, "A wanke, Madam? Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Duka?"

Har haushi ya ba ni. Na ce, "Duka mana. Kada ka bar ko guda."

Ranar karɓa na tafi da yarinyar, na sa mata kayanta na salla, na ce yau za mu karɓo Baba. Mai gyara ya tarbe mu da fara'a. Ya danna, kafin in gyara zama ordinater ta buɗe tar. Ya miƙo mini tsohon disk a cikin wani ɗan gida da ya sa masa, ya ce ya lallaɓa shi, ya zuba mini karatun Alƙur'ani da wa'azi kyauta.

Na yi godiya, na ce, "To ina hotunan?"

"Na wanke su tas, yadda kika ce."

Na miƙa hannu. "Ba ni."

Ya dubi hannuna, ya dubi yarinyar, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya zauna a kan benci a hankali yana salati.

Tun ina yarinya, in an ce a wanke hoto, a fito da shi a takarda ake nufi. A bakin masu gyaran salula da ordinater kuwa, wankewa shi ne a share komai, a bar abu fanko. Ya ce mata da yawa suna kawo masa waya bayan rasuwa ko rabuwa su ce a wanke, don ganin yana tayar musu da ciwo. "Wallahi Madam, na ɗauka zafin ganinsa ne ya ishe ki. Shi ya sa na tambaye ki har sau biyu."

Na so in yi masa faɗa, don bakina ba ya raga wa kowa, amma na rasa ta inda zan kama. Hausa ya yi, Hausa na yi. Garin neman gira na rasa ido, kuma babu wanda zan kai ƙara.

Ya riƙe disk ɗin ya yi ta fama ko zai ceto wani abu. Karatun da ya zuba mini don alheri ya hau kan mafi yawansu ya danne. Gero ya dawo, tsutsa ta dawo, rumbunan Gangara suka dawo lafiya lau. Na ranar suna guda ɗaya ne ya fito, shi ma samansa kawai: ganyen dogon yaro, da saman hularsa mai ruwan ƙasa, sai ɗan goshi. Daga nan zuwa ƙasa toka ce shafe.

Da muka zo gida na buɗe mata shi, don na yi alkawari. Ta matso har hancinta na taɓa allo, ta daɗe tana kallo.

"Inna, ki ja shi sama, fuskar tana ƙasa."

Na ce ba ya jawuwa. Ba ta yarda ba. Ta ɗora ɗan yatsanta a kan tokar tana turawa, tana turawa, ni kuma ina zaune ina ƙoƙarin tuna ko a kuncin dama ne tabonsa yake ko a na hagu.