Motar da Ta Ɗauko Keken Inna

Shekarar da gwamnati ta tattara ta bar Legas, ma'aikatar maigidana na cikin waɗanda aka ce su yi gaba. Muka loda kayanmu a wata babbar mota, mu kuma muka biyo bas da yara zuwa Abuja. A cikin kayan har da keken ɗinkin Inna, mahaifiyata, wadda ta rasu da azumin shekarar. Shi kaɗai na ɗauka a gadonta.

Aka ba mu gida a Wuse, muna kwana a tabarmar aro, mota shiru. Kujeru da gado ba su dame ni ba. Keken nan ne ya hana ni cin abinci.

Da abin ya ishe ni, na sa maigida a gaba muka tafi tashar manyan motoci. Sarkin tasha, wani dattijo Bazazzagi, ya saurare mu ya ce, "Oga, motoci nawa ke shigowa daga Legas kullum? Ba ni lamba kawai."

Maigida ya sosa ƙeya. Shi launin motar ma bai riƙe ba.

Ni malamar lissafi ce, kuma ina da wata ɗabi'a da ake min dariya a kanta: ba na ganin lamba in ƙyale ta. Sai na duba cika ce ko mara, sannan in yi ta rarraba ta har in kai ga masu taurin kai, waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu. Ranar lodi, ina tsaye a bayan motar, haka na yi. Lambar kanta ta gudu daga kaina, amma na tuna daɗin da na ji, domin masu taurin kai uku ne a jere suka haife ta: sha bakwai, sha tara, ashirin da uku. Ba kullum ake dacewa da irin wannan ba.

Na tsuguna na ɗauki tsinke na ninka su a ƙasa, direbobi sun zagaye ni.

"Baba, dubu bakwai da ɗari huɗu da ashirin da tara."

"Malama, lissafi ne ko duba?"

"Ka aika a tambaya dai."

Cigiya ta bi bakin direbobi. Ashe motar ta lalace ne kusa da Lokoja, direban ya tafi neman kayan gyara. Na yi alfahari da kaina, ba zan ɓoye ba, har yau ma ina yi. Maigida ya dinga ba abokan aikinsa labari kamar shi ya tsuguna.

Da motar ta iso, ban bari kowa ya taɓa keken ba. Na kwance buhun da na naɗe shi da hannuna, na ɗaga murfin. Koren zaren da Inna ta zura na ƙarshe yana nan a cikin allura.