Tagar Falon Eustace

Eustace Pilgrim ya sauka Ingila daga tsibirin Trinidad a 1958, da akwati ɗaya da wata hular da ta fi akwatin kyau. Shekara talatin yana kwandastan bas a Leeds, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce shi mai haɗa kayan kanibal ne, bikinmu na rawar titi.

Farkon fitowar bikin a garin, ya yi wa matarsa Merle alkawarin za ta fi kowa ado. A can Trinidad a tsakar gida ake haɗa kayan, amma nan ruwan sama ba ya ɗaukewa, sai ya koma falo. Wata uku yana lanƙwasa waya, yana manna gashin tsuntsu, har ya gama mata manyan fukafukan malam-buɗe-littafi da za ta saka. Da safiyar bikin aka zo fita da su, suka ƙi wuce ƙofa.

"Sannu gwani," in ji Merle. "Ƙuguna ka auna sau tara. Ƙofa fa?"

"Ƙofar Turawa ce, masoyiya, ba ta san biki ba."

Ga ganguna sun fara tashi, saura awa ɗaya. Merle ta yi ta dariya har dariyar ta koma kuka, hankalin Eustace ya tashi.

Sai ga maƙwabcinsu Mista Hargreaves, Baturen kafinta da ya shekara shida bai amsa musu gaisuwa ba, yana leƙe ta katanga. Ya shiga gida, ya fito da kayan aikinsa, ya cire tagar falon ɗungurungum. Ta nan fukafukan suka fita, Merle ta bi su da takalmi a hannu.

Washegari ya mayar da tagar yadda za ta riƙa buɗewa duka kamar ƙofa. "Na san ku," ya ce. "Baɗi sai kun ƙara girmansu." Suka ƙara kuwa. Yau jikar Mista Hargreaves, Joanne, ita ce a gaban ayarin unguwar ranar biki.

Watan jiya Eustace ya rasu, abokina, ɗan'uwana. Da aka kawo akwatin gawarsa gida don bankwana, ya ƙi wuce ƙofar nan. Masu ɗauka suka tsaya cirko-cirko.

Merle ta share ido. "Har yanzu bai auna ba," ta ce. "Ku buɗe masa tagarsa."

Muka ɗaga shi, muna dariya, hawaye na zuba.